Cikin da ba a so, shi ma ɗa ne: maganarmu mu 'yan Katolika na Maraɗi

 Maganar da muka ɗauko yau tana da nauyin baki, irin wadda ake rage murya in an zo kanta: zubar da ciki. Mu da muka rubuto 'yan Katolika ne na nan Maraɗi. Ba mu da yawa, kowa ya sani. Diyosis ɗinmu ma sai a 2001 aka kafa ta, da Monsenyer Ambroise Ouédraogo a matsayin bishop na farko, kuma ta haɗa jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa ƙarƙashin coci guda, Notre-Dame de Lourdes, da ke cikin garin nan. To amma kasuwarmu ɗaya da ku, famfonmu ɗaya, ɗiyanmu suna zama benci ɗaya a lakwal. Abin da ya ci gidan maƙwabci bai bar namu ba.

A takarda dai babu gardama a Nijar. Dokar hukunta laifuka ta tanadi ɗauri ga wanda ya zubar da ciki da wadda aka zubar wa. Dokar lafiyar haihuwa ta watan Yunin 2006 ta buɗe ƙofa biyu kawai: in ci gaban cikin zai jefa rai ko lafiyar uwa cikin haɗari, ko in likitoci sun tabbatar ɗan tayin na ɗauke da wata muguwar cuta. A wannan shekarar ce kuma majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin mata, wadda sashe na 14 nata ya nemi a halatta zubar da cikin fyaɗe da na lalata tsakanin muharramai. Malaman Malikiyya, mazhabar da akasarin garin nan ke bi, suna cikin masu tsanantawa a duk duniyar Musulunci, don sanannen ra'ayinsu ya hana taɓa ciki tun daga shigarsa. Coci ta hana. Gwamnati ta hana. Masallaci ya hana.

Kuma ana yi. A tambayi ungozomomi da ma'aikatan ɗakin haihuwa, su ke karɓar 'yan matan da aka kawo cikin dare suna zubar jini, bayan an sha abin da aka saya wajen masu tallar magani a tire ko an dafa wasu saiwoyi. Su ke jin uwa na rantsuwa wai ɓari ne. Wata a ceto ta, wata a rufe ta da safe a ce zazzaɓi ne. Wadda ta kasa zubarwa kuma, wani lokaci sai a tsinci jariri a kwata ko a masai, unguwa ta taru ana salati, a kira 'yan sanda, kwana biyu a manta. Hani kaɗai bai tsayar da komi ba ke nan. Shi ya sa muke so mu shimfiɗa dalilan da Ikilisiyarmu ta dogara a kansu, don in mutum ya bi su har ƙarshe, za su kai shi wani wuri da ba ya zato.

Mutane da yawa sun ɗauka hujjarmu ita ce "Fafaroma ya ce". Fafaroma ya ce, gaskiya ne. Yohana Bulus na biyu ya rubuta doguwar wasiƙa a kai, Evangelium Vitae, wato Bisharar Rai, ranar 25 ga Maris 1995. Tun kafin shi ma, wani ɗan littafi na Kiristocin farko mai suna Didake, da aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na ɗaya, ya jera zubar da ciki tare da kashe jariri cikin abubuwan da aka hana. Sai dai Ikilisiya ta daɗe tana cewa wannan magana hankali ma yana iya kai wa gare ta, ko mutum bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Tambayar farko ita ce: mi ke cikin cikin nan?

Ilmin likitanci ya amsa rabinta. Daga lokacin da ƙwan mace ya haɗu da maniyyin namiji, an samu sabuwar halitta mai tsarin gadonta na kanta, rabi daga uwa rabi daga uba, wanda bai yi daidai da na uwar ba, bai yi daidai da na uban ba. Wajen mako na shida, in an ƙirga daga al'adar ƙarshe, na'urar hoton ciki tana iya nuna bugun zuciya. Daga nan har haihuwa, har yaye, har furfura, babu ranar da aka sauke wani aka ɗora wani. Girma ne kawai. Kowane manomi a Jiratawa ya san wannan lissafi ba tare da an koya masa ba. In awaki suka shiga gona suka cinye shuka tana 'yar mako biyu, mai gona zai tafi wurin maigari neman diyya, kuma ba wanda zai ce masa "ai ba gero ba ne, ba ta fid da kai ba tukuna". Gero ne ƙarami. Kai da ke karanta wannan, kai ne dai wancan gudan jinin, ba wani ne ya riƙe maka wuri ba kafin ka iso.

Rabi na biyu na tambayar shi ne mai wuya: yaushe wannan halitta ta zama mutum mai haƙƙi? Duk inda aka ja layi, sai ka ga layin ya yanke wasu da ba mu yarda a yanke ba. In aka ce sai ya iya tunani, jaririn kwana bakwai da muke yanka wa rago bai iya tunani ba. In aka ce sai ya iya rayuwa shi kaɗai, wane jariri ne ke iya kwana biyu ba nono? Bakwainin da ake sa wa a kwalba a babbar likita ya rayu, irinsa a ƙauyen da ba lantarki ba zai kai gobe ba. Shin mutuncinsa ya danganta da nisan garinsu da titi? In kuwa aka ce sai in ana son sa, to mun shiga uku, don tsohuwar da 'ya'yanta suka gaji da jinyarta ma ba a son ta. Ikilisiya ta ce darajar mutum ba kyauta ce da wasu mutane ke ba shi ba, balle su karɓe. Da ita yake zuwa.

Akwai maganar busa rai, kuma ba za mu ɓoye ta ba. 'Yan uwa Musulmi suna da hadisin kwana 120. Mu ma babban malaminmu Toma na Akwino, wanda ya rasu a 1274, ya bi masanan Girka na dā ya ɗauka sai bayan wasu makonni ake sa wa ɗan tayi ruhin mutum, ko da yake bai taɓa halatta zubarwa kafin nan ba. Har a 1974, da ofishin koyarwar bangaskiya na Batikan ya fitar da sanarwa kan zubar da ciki, bai yanke ranar da ruhu ke shiga ba. Abin da ya ce shi ne rashin sanin ranar ba izini ba ne. Ka ɗauka za ka cike tsohuwar rijiya da ƙasa, sai wani ya ce kamar ya ji kukan yaro a ciki, wani kuma ya ce a'a, mage ce. Za ka ci gaba da zuba ƙasa don ba a tabbatar ba? Shakka kan rai tana sa mutum ya ajiye shebur ne.

Sai kuma ƙa'idar da komi ya rataya a kanta: ba a aikata mugunta don alheri ya fito. Ko da amfanin da ake hange gaskiya ne, ko karatun yarinya ne, ko sunan gida, ko bakin da za a rage a kan tukunya, ba a sayensa da ran wanda bai yi laifin komi ba.

Mun san amsar da ake bayarwa, kuma masu ba da ita ba mahaukata ba ne. A Faransa, cikin Maris 2024, sun sa 'yancin zubar da ciki cikin kundin tsarin mulki. Ba sai an je nesa ba: maƙwabciyarmu Benin, a Oktoban 2021, majalisarta ta halatta shi har mako 12 in cikin zai jefa mace cikin ƙuncin rayuwa, karatu ko aiki. Bishop-bishop na ƙasar sun yi adawa, ministan lafiya kuma ya kafa hujja da matan da ke mutuwa kowace shekara wajen zubarwa a ɓoye. Waɗannan gawarwaki na gaske ne, kuma duk mai cewa yana kare rai amma bai ji zafinsu ba, a bincike shi. Haka mai cewa "jikina ne" ta faɗi gaskiya: ita ke laulayi, ita ke naƙuda, ita ke iya mutuwa a kan gwiwa, namijin yana fada yana shan shayi. Inda muka rabu shi ne jiki biyu ne a wurin, na biyun kuma ba shi da bakin magana. Maganin mutuwar uwa a ɓoye shi ne a cire abin da ya kai ta ɓoyewar, kuma nan ne za mu dawo.

Kafin nan, wurare biyu masu zafi. Na farko ran uwa. Ana yawan cewa Katolika sun fi son ɗa da uwa. Ba haka koyarwar take ba. In ciki ya zauna a wajen mahaifa, cikin bututu, ana cire bututun da ya lalace. In mace mai ciki ta kamu da kansar mahaifa, ana yi mata aiki, ko da an san ɗan ba zai tsira ba. Niyyar likita ita ce warkar da uwa, mutuwar ɗan kuwa abin baƙin ciki ne da ya biyo baya, ba shi aka nufa ba. Abin da aka hana shi ne a nufi ɗan kai tsaye. Mun yarda wannan ƙofa ta fi ta dokar 2006 ƙunci, ta kuma fi ta malaman Musulunci da yawa ƙunci, waɗanda ke fifita ran uwa in abu ya kai maƙura. A wannan gaɓa mun bambanta, kuma gara a faɗa a fili.

Na biyu fyaɗe. Da can muna jin wannan kamar tambayar jarrabawa. Tun daga 2019, da dubban mutane suka tsallako daga Zamfara, Sakkwato da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji suna gudun 'yan bindiga, da kuma satar mutane da ta addabi ƙauyukan Madarunfa, ta zama tambayar gida. Mace ta yi makonni a daji a hannun azzalumai, an sayar da shanu an biya fansa, ta dawo da ciki. Wa zai iya duban idonta ya yi mata wa'azi? Duk da haka Ikilisiya ba ta canza amsa ba, kuma dalilinta guda ne: mai laifin yana daji da bindigarsa, wanda ke cikin cikin bai sace kowa ba. Ba a kashe ɗa don laifin ubansa. Amsa ce mai nauyi ƙwarai, kuma wanda ya ba da ita ya ɗaukar wa kansa bashi. In ka ce wa mace ta riƙe wannan ciki, to abincinta, maganinta, ɗakin kwananta da kare ta daga bakin mutane sun hau kanka. In ba za ka iya ba, ka yi shiru ya fi maka.

To, ga inda dalilan nan suke kai mu, mu duka, Musulmi da Kirista. In da gaske ɗan da ke ciki mutum ne mai cikakkiyar daraja ko ta wace hanya ya zo, to mi ya sa ranar da ya fito muke kiransa shege? Wata tara muna cewa kada a taɓa shi, rai ne, amanar Allah ce. Ya faɗo, sai a rasa mai yanka masa ko kaza. Ba a buga waya a sanar da dangi, ba a raba goro. Ya girma yara na yi masa gori a rariya, ya zo neman aure a tono. Yarinyar da ke jin motsin farko a cikinta ta san duk wannan, ta gani an yi wa wata a unguwarsu. Ta san baba zai ce ta bar masa gida, ta san za a sako inna a gaba a ce ita ta lalata ta, wataƙila ma auren innar ya mutu. Ta san ƙannenta mata za su rasa manema. Sai ta auna, ta ga ƙwayar jika biyu ta fi sauƙi. Sau da yawa ma ba ita ke aunawa ba: uwa ce ko gwaggo ke kama hannunta a kai ta, don a rufa asirin gida. Kunya, wadda muke taƙama da ita a matsayin adon Bahaushe, a nan ita ke riƙe da wuƙa.

Shi kuwa mai cikin fa? Haba jama'a. Ciki ba ya shiga da iska. Wani ɗan fada ne, wani mai shago ne da take kai wa tallar ƙosai, wani malamin lakwal ne, wani alhaji ne mai mata uku da ake ba sahun gaba. Ya ce ba nasa ba ne, magana ta ƙare. Ko ya miƙa kuɗi ya ce a je a "gyara". Dokar cocinmu ta ce wanda ya zubar da ciki da saninsa ya yanke kansa daga tarayyar Ikilisiya, kuma hukuncin bai tsaya kan macen ba, ya haɗa da duk wanda ba don hannunsa ba da abin bai yiwu ba: mai biya, mai tilastawa, mai aikatawa. Dokar ma tana sassauta wa wadda aka tsorata ko ƙaramar yarinya. A garin nan kuwa mun juya abin: wadda ta fi kowa rauni ita ke ɗaukar duka kayan.

Akwai labarin da mu da ku muke girmamawa. Maryamu ta ɗauki ciki ba ta tare a gidan miji ba. A Linjila, Yusufu da ya gane, abin da ya fara zuwa masa shi ne kada ya tona mata asiri, daga baya ya ɗauke ta ya riƙi yaron. A Alƙur'ani ma, cikin surar da ke ɗauke da sunanta, mutanenta sun tare ta da zargi ranar da ta zo da jariri a hannu. Ba muna kwatanta tsarkinta da kuskuren kowa ba ne. Muna cewa ne duk mai karanta wannan labari ya san yadda idon gari yake a kan mace mai goyon da ba a san ubansa ba, ya kuma san a wane gefe Allah ya tsaya.

Kada kuma a ɗauka 'yan mata ne kaɗai. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna macen jihar Maraɗi na haihuwar 'ya'ya sama da takwas a tsakaice, kuma uku cikin huɗu na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Akwai matar aure mai goyon wata biyar da ta ga wani cikin, miji ya tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya ba aike, rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Ita ma tana zuwa wurin mai tire. Kowa ya san Ikilisiyarmu ba ta yarda da ƙwayoyin hana ɗaukar ciki ba tun wasiƙar Fafaroma Bulus na shida ta 1968, amma wannan wasiƙar ce kuma ta ce miji da mata su auna ƙarfinsu da lafiyar uwa, su ba da tazara ta hanyar lura da kwanakin mace. Wannan hanya ba ta aiki sai namiji ya iya haƙuri, ya kuma ɗauki matarsa abokiyar shawara. Nan ma ƙwallon na ragar maza. Wanda ke son ganin abin da ciki ke yi wa jikin da bai ƙosa ba, ya je Danja, cikin kwamin ɗin Jiratawa, inda aka buɗe cibiyar gyaran yoyon fitsari a 2012 kusa da tsohuwar likitar kutare ta mishan SIM. Kare rai da aurar da 'yar shekara 13 ba sa zama a tabarma ɗaya.

Marigayiya Mama Marie-Catherine Kingbo, wadda ta zo daga Senegal ta kafa ƙungiyar sistoci ta Servantes du Christ a diyosis ɗin nan a 2006, ta gane haka da wuri. Ba ta tsaya yin wa'azin zubar da ciki ba. Ta zauna da masu gari da limamai da mata kan auren wuri, ta buɗe makaranta a Tibiri da wurin ciyar da yara masu tamowa a Dan Bako, kuma akasarin waɗanda suka amfana Musulmi ne. Ta rasu a 2021, sistocinta suna nan suna ci gaba. Irin wannan aiki shi ke ba mutum bakin cewa "kada ki zubar".

Ga wadda ta riga ta yi, in tana karanta wannan: ƙofa ba ta rufe ba. Tun Nuwamban 2016 Fafaroma Faransis ya ba kowane firist ikon yafe wannan zunubi a wurin ikirari, ba sai an kai ga bishop ba, kuma abin da aka faɗa a can ba ya fita har abada. In kuma jini na zuba ko zazzaɓi ya taso, a tafi likita yanzu, kada tsoron tambaya ya sa a kwana a gida. Ma'aikatan lafiya, don Allah a fara da tsayar da jinin.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. Uban da ɗiyarsa ta yi ciki ya bar ta a ɗakinta, fushinsa zai huce, kabari ba ya buɗewa. Masu unguwa da limamai da shugabannin coci su kira namijin su zaunar da shi, ya ɗauki awo da magani da abinci, in ya ƙi a kai shi gaban alƙali. Gwamnati ta sa hannu a 2017 kan dokar kare karatun ɗiya mace, to daraktocin lakwal su bar yarinya ta koma aji bayan ta haihu, iyaye kuma su je su nemi hakan da bakinsu. In yaron ya zo, a yi masa suna ranar bakwai kamar kowa, a je meri a yanko masa takardar haihuwa, don ranar da zai shiga lakwal za a tambaye ta.